Ikon Shugaban Ƙasa da Iyakarsa: Darasi Daga Kafanchan da Kudancin Jihar Kaduna

GABATARWA

Idan fitina ta tashi a gari, ko hanya ta lalace, ko farashin taki ya hau, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Ina Shugaban Ƙasa yake?" Tambayar tana kan hanya, domin sashe na 14 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya bayyana cewa tsaron lafiyar jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukan Shugaban Ƙasa tamkar wani sarki wanda da zarar ya buɗe baki aiki ya gama. Wannan fahimta tana jawo hasara iri biyu. Ta farko, jama'a sukan ɓata shekaru suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ce ta biyan bukatarsu ba. Ta biyu, idan suka gaji da jira, sai su fara begen shugaba mai ƙarfin da babu mai ce masa a'a, suna mance abin da irin wannan iko ya taɓa jawowa.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu ikon da doka ta ba Shugaban Ƙasa, da iyakar da ta yi masa, da kuma hanyar da maganarsa take bi kafin ta zama aikin da talaka zai gani da idonsa. Mun ɗauki misalanmu daga Kafanchan da kudancin Jihar Kaduna, saboda yankin ya ga mulkin soja ya kuma ga na farar hula a lokutan da rayuka suke cikin haɗari. Mazaɓar ɗan Majalisar Dattijai ta Kaduna ta Kudu ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8, watau Jaba, Jama'a, Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru, Sanga da Zangon Katab. A cikinta akwai Bajju, Atyap, Ham, Gwong, Fantswam, Agworok, Adara, Hausawa, Fulani da sauran al'ummomi masu yawa, Kirista da Musulmi, waɗanda Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa.

YADDA MUKA ZO GA WANNAN TSARI

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, tsarin Ingila muka gada. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ne yake riƙe da ragamar gwamnati, shi kuwa Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1963, matsayinsa na girmamawa ne. Firayim Minista ɗan majalisa ne da mazaɓa guda ta zaɓa, kuma manyan jam'iyyun lokacin kowacce ƙarfinta yana yankinta. Bayan zaɓen Disamba 1964 aka yi kwanaki ana ja-in-ja tsakanin shugabannin biyu a kan wanda zai kafa gwamnati, abin da ya nuna haɗarin raba shugabanci gida biyu.

Saboda haka, da Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da Kwamitin Tsara Tsarin Mulki a watan Oktoba 1975, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, sai aka karkata ga tsari irin na Amurka, inda mutum ɗaya yake shugabancin ƙasa da gwamnati gaba ɗaya, kuma ƙasar duka ita ce mazaɓarsa. Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978 ta amince da haka, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari. Tsarin Mulkin 1999, wanda ake aiki da shi tare da gyare-gyarensa, ya bi wannan turba.

Domin kada wani ya hau mulki da ƙuri'un yankinsa kaɗai, sashe na 134 ya ce ban da samun ƙuri'u mafi yawa, dole ne ɗan takara ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin Tarayya, har da Abuja a lissafi. Ma'anar wannan ita ce ƙuri'ar manomin citta na Kwoi da ta ɗan kasuwar Kafanchan suna cikin abin da kowane mai neman kujerar yake bukata.

IKON DA TSARIN MULKI YA BA SHI

Sashe na 130 ya kira Shugaban Ƙasa da sunaye uku: Shugaban Ƙasa, Shugaban Zartaswa na Tarayya, da Babban Kwamandan Askarawan Nijeriya. Wa'adinsa shekara 4 ne, kuma ba a zaɓensa fiye da sau biyu. Manyan ayyukansa su ne:

1. Aiwatar da Tsarin Mulki da dukan dokokin da Majalisar Tarayya ta yi.
2. Naɗa ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, bisa amincewar Majalisar Dattijai.
3. Gabatar da kasafin kuɗin kowace shekara ga Majalisar Tarayya.
4. Sa hannu a kan ƙudurin doka, ko kuwa ƙin sa hannu.
5. Naɗa hafsoshin sojoji da Sufeto Janar na 'yan sanda, da ba da umarnin inda za a tura dakaru.
6. Kafa dokar ta-ɓaci idan zaman lafiya ya rushe.
7. Yin afuwa ga wanda aka hukunta bisa dokar Tarayya, bayan shawara da Majalisar Magabata ta Ƙasa.

Wajen naɗe-naɗe, sashe na 14 ya wajabta a lura da bambancin jihohi da ƙabilu, domin kada wani ɓangare ya mamaye gwamnati. Mutanen kudancin Kaduna sun riƙe manyan muƙamai ta wannan ƙofa. Janar Martin Luther Agwai ya zama Hafsan Sojojin Ƙasa a 2003, sa'an nan Babban Hafsan Tsaro a 2006. Madam Nenadi Usman ta riƙe Ministar Kuɗi daga 2006 zuwa 2007. Janar Christopher Musa, ɗan asalin Zangon Katab, ya riƙe Babban Hafsan Tsaro daga 2023 zuwa 2025.

Mai karatu zai lura cewa kusan kowane iko a wannan jeri yana tafe da sharaɗi. Kafin mu duba sharuɗɗan, ya kamata mu ga abin da ya faru lokacin da babu su.

DARASI NA FARKO: IKON DA BA SHI DA LINZAMI

Janar Ibrahim Babangida, wanda ya karɓi mulki a watan Agusta 1985, shi ne sojan farko da ya kira kansa Shugaban Ƙasa. Suna ɗaya ne da na zaɓaɓɓen shugaba, amma a lokacin babu zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma dokar soja tana gaba da Tsarin Mulki.

A watan Maris 1987 gardamar addini ta ɓarke tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya, Kaduna, Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada da dukiya. Gwamnatin soja ta fito da Dokar Soja ta 2 ta 1987, wadda ta kafa kotun musamman ta hukunta masu tada tarzoma, aka ɗora Mai Shari'a Karibi-Whyte a kanta. Dokar ta hana ɗaukaka ƙara zuwa kotunan da aka saba. Majalisar mulkin soja ce kaɗai take tabbatar da hukunci ko ta sassauta.

Shekara biyar bayan haka, a watan Fabrairu 1992, rikici ya tashi a Zangon Katab a kan batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya sake tashi da ƙarfi a watan Mayu, har ya bazu zuwa Kaduna da Zariya, mutane masu yawa suka hallaka. Aka kafa wata kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo. A 1993 ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu mutane hukuncin kisa. Daga baya gwamnatin soja ta mayar da hukuncin ɗauri. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, mai mazauni a Banjul, ta yanke cewa hana ɗaukaka ƙara da yadda aka tsara kotun sun saɓa wa haƙƙin samun shari'ar adalci.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya ce wane ne mai laifi a waɗannan rikice-rikice. Abin lura shi ne an yi shari'a cikin gaggawa, amma ba ta kwantar da hankalin kowane ɓangare ba. Masu ganin an zalunci waɗanda aka hukunta ba su da kotun da za su je, su kuma waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa suka ga an sassauta hukunci ba tare da wani bayani a gaban alƙali ba. Rayuwa da mutuwa suka koma hannun 'yan mutane kaɗan a ɗaki guda. A ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1999 kuwa, duk wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli, kuma Shugaban Ƙasa ba shi da ikon toshe wannan hanya.

DARASI NA BIYU: MASU TAKA BIRKI

A mulkin dimokuraɗiyya akwai hukumomi biyu da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa da Shugaban Ƙasa, watau Majalisar Tarayya da kotuna.

Majalisar Tarayya ta ƙunshi Majalisar Dattijai mai wakilai 109 da Majalisar Wakilai mai 360. Idan ta aika wa Shugaban Ƙasa ƙudurin doka, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kuma kowace majalisa ta sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko babu hannunsa. Haka aka yi a 2000 da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta a zamanin Cif Olusegun Obasanjo. Har wa yau, ran 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattijai ta yi watsi da gyaran Tsarin Mulkin da zai ba da damar wa'adi na uku. Sashe na 143 kuma ya ba Majalisa ikon tsige Shugaban Ƙasa idan ya aikata babban laifi, ta hanyar bincike na kwamitin mutum 7 da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Ba a taɓa tsige Shugaban Ƙasa a Nijeriya ba, amma mutanen Jihar Kaduna sun san irin wannan iko ba wasa ba ne, domin a watan Yuni 1981 Majalisar Dokokin Jihar, wadda jam'iyyar NPN take da rinjaye a ciki, ta tsige Gwamna Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP.

Ko wajen cike gurbin mataimakinsa, Shugaban Ƙasa yana bukatar Majalisa. Da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, Dokta Goodluck Jonathan ya hau kujerar, ya zaɓi Gwamnan Kaduna, Alhaji Namadi Sambo, ya zama Mataimakinsa. Naɗin bai tabbata ba sai da majalisun biyu suka amince, kamar yadda sashe na 146 ya tanada. Wannan mataki da aka ɗauka a Abuja ya yi tasiri har Fadan Kagoma a Ƙaramar Hukumar Jama'a, domin ɗan garin, Mataimakin Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, shi ne ya gaji kujerar gwamna ran 20 ga Mayu 2010. Shi ne mutum na farko daga kudancin jihar da ya zama gwamnan farar hula na Kaduna. Ya ci zaɓen 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ran 15 ga Disamba 2012. Ya kamata a gane cewa Shugaban Ƙasa bai naɗa shi gwamna ba, ba shi ma da ikon haka. Tsarin Mulki ne ya ce mataimaki ya gaji gwamna.

Game da kotuna, misali mafi kusa shi ne na canjin kuɗi. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya, da yardar Shugaba Muhammadu Buhari, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200, 500 da 1,000. Da wa'adi ya matso a farkon 2023, kuɗi suka yi ƙaranci, ciniki ya tsaya a kasuwannin karkara inda babu bankuna. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka bi su. Ran 3 ga Maris 2023 Kotun ta yanke cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekarar, kuma aka bi hukuncin. Matar da take sayar da doya a kasuwar Zonkwa ba ta je Abuja ba, amma hukuncin ya kai gare ta.

YADDA MANUFA TAKE ZAMA AIKI

Akwai matakan da Shugaban Ƙasa zai iya ɗauka da kansa su yi tasiri nan take. Ran 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, kuma cikin 'yan kwanaki farashin mai ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota ya hau daga Legas har Kagoro. Amma janye abu ya fi gina abu sauƙi. Manufar da za ta haifar da makaranta, ko asibiti, ko hanyar jirgi, sai ta bi ta ƙofa uku.

Ƙofa ta farko ita ce doka. Mutanen kudancin Kaduna sun daɗe suna neman jami'a da babban asibiti na Tarayya. Sanata Sunday Marshall Katung, mai wakiltar Kaduna ta Kudu, ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattijai, majalisun biyu suka zartar, a 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Jami'ar Kimiyya ta Tarayya a Kachia. Aka yi amfani da gine-ginen Jami'ar Nok, wadda kotu ta riga ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya, aka kuma naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. A shekarar kuma aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, inda Gwamnatin Jihar Kaduna ta miƙa babban asibitinta na garin, mai ɗauke da sunan marigayi Yakowa. Ka ga aiki ɗaya ya haɗa ɗan majalisa, da kotu, da gwamna, da Shugaban Ƙasa. Amfanin kafa abu da doka shi ne shugaban da zai zo nan gaba ba zai iya rushe shi da baki kawai ba.

Ƙofa ta biyu ita ce kuɗi. Sashe na 80 ya hana fitar da ko kwabo daga baitulmalin Tarayya sai bisa tanadin Tsarin Mulki ko dokar kasafin da Majalisa ta zartar. Bayan an sa aiki a kasafi ma, sai kuɗin sun samu an kuma sake su. Tarihin jirgin ƙasa ya isa misali. Kafanchan gari ne da jirgi ya raya, domin tun 1927 ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da na Jos, ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina cikin ƙasar suka zauna a nan. Da harkar jirgin ta ja baya, tattalin arzikin garin ya ji a jika. A watan Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa Kafanchan. Sai a 2024 aka buɗe sashen farko, daga Fatakwal zuwa Aba. Daga Aba zuwa Kafanchan kuwa akwai tafiya mai nisa. Bikin ƙaddamarwa yini guda ne, amma biyan ɗan kwangila aikin kasafin shekaru ne a jere.

Ƙofa ta uku ita ce masu aiwatarwa, watau ministoci, manyan sakatarori, ma'aikatan gwamnati, da sau da yawa gwamnatocin jihohi. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Kagarko, Jaba da kewaye, yankin da ya fi ko'ina noman citta a Nijeriya, manoma da yawa suka rasa amfanin shekara. Ko da Gwamnatin Tarayya ta ware taimako a irin wannan hali, iri mai lafiya ba zai isa gona ba sai ta hannun malaman gona da ƙungiyoyin manoma da suka san wane ne manomi na gaskiya.

Wannan ne ya sa wani masanin siyasa na Amurka, Richard Neustadt, a littafin da ya wallafa a 1960, ya nuna cewa ainihin ƙarfin shugaba yana ga iya shawo kan mutane. Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban da ya iya zaɓen manufofi 'yan kaɗan, ya bayyana su ga jama'a, ya sami goyon bayan Majalisa da gwamnoni, ya kuma bi sawun aikin har ƙarshe, shi ne yake barin abin tunawa.

BATUN TSARO

A nan ne nauyi ya fi rataya a wuyan Shugaban Ƙasa. Tsarin Mulki, kamar yadda aka rubuta shi a 1999, ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasar duka, sojoji kuma na Tarayya ne. Gwamna yana iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, amma sashe na 215 ya ba Kwamishinan damar neman a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Saboda haka idan 'yan bindiga suka kai hari ƙauye a Kaura ko Sanga ko Kauru, jama'a suna da cikakken haƙƙin tambayar Gwamnatin Tarayya ina dakarunta suke.

Duk da haka, ko a nan akwai iyaka. Idan Shugaban Ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci, sashe na 305 ya ce za ta faɗi idan kowace majalisa ba ta goyi bayanta da kashi biyu cikin uku ba cikin kwana 2 in Majalisa tana zama, ko kwana 10 in tana hutu, kuma wa'adinta wata 6 ne sai in an sabunta. Maƙwabtan Kafanchan na Jihar Filato sun ga haka a watan Mayu 2004, lokacin da Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, wanda ya koma kujerarsa bayan wata 6.

Bayan zaɓen Shugaban Ƙasa na Afrilu 2011 tarzoma ta tashi a jihohin Arewa da dama, Kafanchan da Zonkwa suna cikin wuraren da suka fi shan wahala, har aka ƙone kasuwar Kafanchan. Shugaba Jonathan ya tura sojoji, ya kuma kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba na shekarar. Soja yana iya tsayar da faɗa, kwamiti yana iya gano musabbabi. Amma gurfanar da wanda ya yi kisa ko ƙone-ƙone, a mafi yawan lokuta, aikin Babban Lauyan Jiha ne da kotunan jiha. Sasanta manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya kuwa, wannan yana hannun sarakuna, hakimai, arɗo-arɗo, malamai da limaman coci, da su mutanen da za su ci gaba da zama tare bayan motocin soja sun tafi.

ABUBUWAN DA BA NA SHUGABAN ƘASA BA

Nijeriya tarayya ce, kuma Tsarin Mulki ya raba aiki. Tsaro, harkokin waje, kuɗin ƙasa, kwastan da ma'adinai na Tarayya ne kaɗai. Ilmi, noma, da wutar lantarki suna cikin waɗanda Tarayya da jihohi suke tarayya a kansu, kuma gyaran 2023 ya shigar da jirgin ƙasa cikin wannan rukuni. Abin da bai shiga jerin biyu ba na jiha ne.

Filaye suna hannun gwamna bisa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978. Sarauta ma ta jiha ce. Masarautun Atyap da Bajju gwamnatin jiha ce ta kafa su a 1995, kamar yadda Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi ya ƙara wasu masarautu a wa'adinsa na farko. Kasuwanni da tashoshin mota aikin ƙaramar hukuma ne. A tuna cewa rikicin Zangon Katab a kan kasuwa ya fara, watau al'amarin da yake a matakin gwamnati mafi kusa da jama'a.

Ƙirƙiro sabuwar jiha ma ba a hannun Shugaban Ƙasa yake ba. An daɗe ana neman Jihar Gurara daga kudancin Kaduna, har Taron Ƙasa na 2014 ya sa ta cikin jihohin da ya ba da shawarar a kafa. Mutane sukan tuna yadda aka cire Katsina daga Kaduna a watan Satumba 1987 da sanarwa guda, su ce me ya hana a yi haka yanzu. Amsa ita ce sashe na 8. Dole ne kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya, da Majalisar Jiha, da majalisun ƙananan hukumomi su nemi jihar. Sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su yarda. Bayan haka mafi yawan jihohin Tarayya su amince, daga ƙarshe kowace majalisa ta Tarayya ta zartar da kashi biyu cikin uku. Tun da aka kafa Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, duk jihohin da aka ƙara har suka kai 36 a 1996 sojoji ne suka ƙirƙiro su. Ɗan siyasar da ya yi alkawarin kawo jiha shi kaɗai ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

AIKIN ƊAN ƘASA

Daga abin da ya gabata, ga abubuwa biyar da ya kamata kowane ɗan ƙasa ya riƙe:

1. Kafin ka kai kuka, ka tantance ko al'amarin na Tarayya ne, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma.
2. Idan aka yi alkawarin aiki, ka tambaya ko akwai dokarsa, nawa aka sa masa a kasafin bana, kuma wace ma'aikata ce za ta yi shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka ikon rubuta wa hukumar Tarayya ka nemi bayani.
3. Ka san sanatanka da ɗan Majalisar Wakilanka, domin su ne suke zama a kan kasafi, su ne kuma suke da ikon kiran minista ya yi bayani.
4. Ka yanki katin zaɓe, ka jefa ƙuri'a, kuma idan ba ka gamsu da sakamako ba, hanya ita ce kotun zaɓe. Kasuwar Kafanchan da aka ƙone a 2011, 'yan kowace jam'iyya da mabiya kowane addini ne suka yi hasara a cikinta.
5. Kada ka goyi bayan shugaba ya tsallake doka don yau abin ya yi maka daɗi, domin ikon da ka yarda ya ɗauka, magajinsa zai same shi a kan tebur.

Tafiyar dimokuraɗiyya tana da nawa, kuma wanda yake kwana da fargabar hari ko yake jiran asibiti yana da dalilin ƙosawa. Maganin wannan nawa shi ne jama'a su matsa wa kowane mai riƙe da amana a kan aikin da doka ta ɗora masa, tun daga kansila har zuwa Shugaban Ƙasa.

TAMBAYOYIN NAZARI

1. Waɗanne dalilai ne suka sa Nijeriya ta bar tsarin Firayim Minista a 1979?
2. Mene ne bambancin kotun musamman ta 1992 da kotunan da Tsarin Mulkin 1999 ya tanada?
3. Kawo misali biyu na lokutan da Majalisa ko kotu ta hana Shugaban Ƙasa abin da yake so.
4. Bayyana ƙofofi uku da manufa take bi kafin ta zama aiki, ka kawo misali daga yankinku.
5. Rubuta bukatu uku na garinku, ka nuna matakin gwamnatin da kowacce ta shafa.